Wayar Inna Talatu Mai Maɓalli Huɗu

Da damina ta faɗi, Badamasi ya zo Tamawa gaishe da mahaifiyarsa da sabuwar waya a cikin kwali. Shi ne ɗan farin Inna Talatu, yana da shagon kayan masarufi a Dutsin-Ma, don haka ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Mai Shago. Ita kuwa ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, idonta ya fara rauni, gwiwoyinta kuma sun daina jin magana. Tsohuwar wayarta maɓallanta ƙanana ne kamar ƙwayar wake, rubutun da ke kansu duk ya goge.

Ya zauna a bakin tabarma ya zare layinta daga tsohuwar, ya sa a sabuwar, ya daɗe yana danne-danne kansa a sunkuye. Sannan ya miƙa mata. Baƙa ce, mai kauri, da manyan maɓallai guda huɗu, kowanne da ɗan hoto a manne.

"Inna, wannan ba ta da wahala," in ji shi. "Na farko ni ne. Na biyu Mas'ud a Kano, na uku Hafiza a Katsina. Na huɗu Sabitu maƙwabcinki, ko da za ki buƙaci mashin da gaggawa. Ki danna hoton mutum kawai, za ta kira shi."

Ta juya ta a hannu, ta ji daɗin girman maɓallan. Ta sa masa albarka. Sai ta ce, "To ina Batula?"

"Lambarta na cikin tsohuwar. Zan tafi da ita in ciro, in na dawo in ga yadda za a yi. Ai tana da lambarki, Inna, layinki bai canja ba. Za ta kira."

Batula aminiyarta ce tun suna 'yan mata a Birchi, lokacin da suke zuwa ɗibar ruwa da tulu ɗaya tsakaninsu. Aure ya kai Talatu Tamawa, ya kai Batula Kutawa, can ta wajen Dutsin-Ma, amma bai raba su ba. Da waya ta zo, sai ya zama kusan kullum bayan la'asar ɗaya za ta kira ɗaya, su yi ta zuba har kati ya ƙare. Sun ma yi wa juna alkawari, ba sau ɗaya ba, cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka, ba wata ba.

Maganarsu ta ƙarshe, ana gobe Badamasi zai kawo sabuwar wayar, ba ta ƙare da daɗi ba. Batula na fama da wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa, Talatu ta yi mata faɗa a kan ta je asibiti ta daina shafe-shafen ganye. Batula ta ce ita ba yarinya ba ce, ta kashe waya. Irin wannan ba sabo ba ne a tsakaninsu, washegari ake shiryawa.

Amma washegari ya zo ya wuce, shiru. Inna Talatu takan ajiye wayar a gefen buta bayan la'asar, tana tsinke zogale tana kallonta. 'Ya'yanta na kira, muryarsu na fita tar. Batula ce kawai ba ta kira ba. Ta tuna wa Badamasi maganar lamba, ya ce insha Allahu, shago ne ya yi masa yawa. Ta sake tuna masa, ya ce yana nan tafe. Ruwa ya yi ta zuba, hanya ta lalace, aka shiga noman farko, aka shiga maimai, kowa na gona. A ranta kuwa fushi ya fara taruwa.

"Don na ce ta je asibiti shi ne za ta ɗauke mini ƙafa?" takan ce wa matar ƙanin mijinta. "To ta riƙe gaisuwarta. Ni ce babba, ita za ta nemo ni."

Gero ya fara fitar da kai lokacin da maganin hawan jininta ya ƙare. Sabitu ya ɗauke ta a mashin ya kai ta Kurfi ranar kasuwa. Ta sayi maganin, ta tsaya wajen masu daddawa, sai ga Fatu, wata 'yar kasuwa da ke bin kasuwanni, wadda ta sha kawo mata saƙon Batula a da. Fatu ta ajiye kwanon awo, ta riƙe hannunta biyu.

"Inna, ya ƙarin haƙuri? Wallahi da na je gaisuwa ban gan ki ba na ce ko jikin ne."

"Haƙurin me?"

Fatu ta saki hannunta a hankali. Ta dube ta, ta dubi ƙasa.

"Inna Batula fa. Ai har an yi addu'ar uku."

Inna Talatu ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce innalillahi, ta sake cewa, sannan ta juya ta nemi Sabitu da ido. Ta ce ya koma gida ya gaya musu ta wuce Kutawa. Ta shiga motar Dutsin-Ma da ledar magani a hannu, daga tasha ta hau mashin. Duk tsawon hanyar, abin da ke tafasa a ƙirjinta ba baƙin ciki ba ne tukuna. Haushin 'ya'yan Batula ne. Yaran da ta goya, ta ba su tuwo a baki, a ce uwarsu ta kwanta har ta mutu ba wanda ya iya ɗaga waya ya gaya mata?

Ta tarar da mata a tsakar gida, ana ta shiga da fita. Halimatu Sa'adiya, babbar 'yar Batula, tana zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Ta ga Inna Talatu, ta amsa gaisuwa a daƙile, ba ta tashi ba. Wannan ya ƙara wa wutar mai.

"Sa'adiya, me na yi muku?" in ji ta. "A bakin mai daddawa zan ji mutuwar Batula? A tsakiyar kasuwa?"

Halimatu ta ɗago kai, idonta jawur.

"Inna, ni za ki tambaya? Tun da ciwon ya kwantar da ita take kiranki. Da hannunta ya daina riƙe waya, ni nake kira mata. Kullum bayan la'asar sai ta ce a gwada mata Talatu. Kullum abu ɗaya, ƙit, a katse. Har ta ce mu bari, kin yi fushi ne don ta kashe miki waya. Ranar da za ta cika ta ce in gaya miki ta je asibitin, ki yi haƙuri. Da ta rasu ma mun kira, mun kira, har liman ya ce ba a jinkirta gawa. Maƙwabciya ce ta yi mata wanka."

"Ƙarya ne. Wayata ba ta taɓa ƙara da kiranku ba."

"Ina wayar?"

Inna Talatu ta kwance bakin zane ta fito da ita, ta ɗora a tafin hannunta. Halimatu ta danna tata, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Aka ji ɗan ƙara guda, sannan kiran ya katse. Baƙar wayar tana kwance a hannun tsohuwar, ko haske ba ta yi ba. Halimatu ta sake gwadawa. Wata mata daga cikin masu gaisuwa ta ce a karanto mata lambar, ta gwada da tata. Shiru.

"An rufe ta ne," in ji matar. "Irin wannan ake saya wa yara. Wanda aka sa a ciki ne kawai zai iya samunta."

Inna Talatu ta daɗe tana kallon hotunan nan huɗu. Fuskar Badamasi ce a sama, yana murmushi da hularsa ta sallah. Sai a lokacin Halimatu ta taso ta rungume ta, ta fashe da kuka a kafaɗarta. Ita dai ba ta yi ba. Ta shafa bayan Halimatu, ta leƙa ɗakin Batula, ta ga gadon an naɗe katifa, ga butarta a kusurwa. Ta fito ta ce, "Ina zuwa."

An gama azahar ta isa gidan Badamasi a Dutsin-Ma. Ta yi sallama ba ta jira amsa ba. Matarsa ta taso da murna tana sannu da zuwa, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa. Inna Talatu ta ƙi zama, ta ƙi ruwan.

"Aika a kira mini mijinki."

Jikanyarta Nana Fatima, 'yar aji biyu a firamare, ta rugo ta rungume ƙafafunta. A wuyanta akwai igiya, a jikin igiyar wata waya ruwan hoda, mai manyan maɓallai guda huɗu. Yarinyar ta ga baƙar a hannun kakarta, ta yi tsalle.

"Lah, Inna, irin tawa! Abba ya ce rana ɗaya ya sayo su. Ke ma mutum huɗu ne ke iya kiranki?"

"Wa ya gaya miki haka?"

"Abba mana. Ya zaunar da ni ya ce ba wanda zai same ni sai shi da Umma da direban makaranta da Anti, don kar mugaye su kira ni. Ya ce in ina son a ƙara wani in faɗa masa."

Matar Badamasi ta ja yarinyar ta shigar da ita ɗaki. Ba a daɗe ba Badamasi ya shigo da sauri, yana cire takalmi yana tambayar ko lafiya. Ya durƙusa zai gaishe ta.

"Badamasi."

Ya ɗago kai a firgice. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Batula ta mutu," ta ce. "Ta yi ta kirana tana kwance, ni kuma ina can Tamawa ina zaginta a raina, ina cewa ta yi mini girman kai. Ta tafi kabari tana zaton na juya mata baya. Wata can ce ta wanke ta. Me ka yi wa wayata?"

Ya yi salati, ya dafe kai. Bai yi musu ba.

"Inna, wallahi don ke na yi. Kin manta abin da ya faru da bazara? Wani ɗan iska ya kira ki ya ce na yi haɗari ina asibiti, ki turo kati a ceci raina. Kika faɗi a tsakar gida, jininki ya hau, sai da aka yi miki ƙarin ruwa. Likita ya ce in aka sake tayar miki da hankali haka, komai na iya faruwa. Shi ne muka yi shawara da Mas'ud da Hafiza..."

"Kuka yi shawara."

"Eh, Inna."

"Ku uku. A kaina. Ina raye, da kunnena da bakina." Ta matso kusa da shi. "Ranar da ka zo Tamawa, kana zaune a tabarmata kana cin ɗumamena, me ya hana ka buɗe baki ka ce, Inna, na rufe layinki?"

"Na san ba za ki yarda ba."

"Ka san ba zan yarda ba, shi ya sa ka yi a ɓoye. To wannan sunansa me? Ni dai a garinmu cin amana ake ce masa." Ta nuna ƙofar ɗakin da aka shigar da yarinyar. "Waccan da ko haƙorin girma ba ta gama fitarwa ba, ka zaunar da ita ka yi mata bayani. Ka ce in tana son ƙari ta faɗa. Ni da na haife ka, na tambaye ka Batula a ranar, na sake tambaya, na sake, kana ce mini insha Allahu. Ka sa sunan Allah a gaba kana jan ni kamar akuya a turke!"

"Na yi niyyar sa ta, Inna. Maɓallan ne huɗu kawai, sai an cire wani. Na ce bari in zo mu..."

"Da ka cire kanka! Kai da ke kirana ranar Juma'a ka ce ya jiki, ya gida, to sai an jima? Ka san wa ke jin tarina da safe? Ka san wa nake gaya wa in na yi mafarkin ubanku? Kun zauna kun ƙirga mutanen da nake da su a duniya, kuka ga ku ne kawai, da mai mashin."

Matar Badamasi tana tsaye a bakin madafa tana share hawaye da gefen mayafi. Shi kuwa kansa na ƙasa. Can ya miƙo hannu.

"Kawo in buɗe ta yanzu, Inna. Minti ɗaya ne."

"Minti ɗaya." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ashe minti ɗaya ne."

Ta ba shi, amma ta ce a gabanta zai yi, kuma duk abin da ya danna ya faɗa da baki. Ya yi yadda ta ce. Ta sa matarsa ta kira da wayar maƙwabciya. Baƙar wayar ta ɗauki ƙara mai ƙarfi har ta cika tsakar gidan. Inna Talatu ta bar ta tana kuka har ta gaji ta tsaya da kanta.

"Ɗauko makullin motarka," ta ce.

"In kai ki gida?"

"Kutawa. Za ka tsaya a gaban 'ya'yan Batula da mutanen garin, ka faɗi abin da ka yi da bakinka. Ba zan bari a riƙa nuna ni ana cewa ga wadda ta ƙi amsa kiran aminiyarta tana gargara ba."

"Inna, a gaban mutane? Ba sai in kira ɗanta Zaharaddin gefe ba, mu yi magana ta maza?"

"A gefe ka yi na farko. Wannan a fili za ka yi."

Suka tafi. A mota ana ta jin ƙarar taya a cikin taɓo. Gonakin gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya, ta kau da kai daga kallonsu. Ana idar da la'asar suka isa. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, Zaharaddin, babban ɗan Batula, yana tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa. Inna Talatu ba ta shige ciki ba, ta tsaya daga zaure inda za ta ji, ta aika aka kira Halimatu ta tsaya kusa da ita.

Badamasi ya yi ta'aziyya, aka shafa fatiha. Sannan ya gyara murya ya ce yana da magana. Da farko ya soma kewaye-kewaye, yana batun macuta da ke damun tsofaffi a waya. Daga zaure aka ji tsohuwar ta yi gyaran murya. Sai ya miƙe zancen. Ya ce shi ya rufe layin mahaifiyarsa, bai gaya mata ba, ta roƙe shi ya sa lambar marigayiya bai sa ba, kuma har yau da safe ba ta san komai ba. Ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, su yafe masa.

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sun iya tausayi amma ba su iya tambaya ba. Zaharaddin ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya riga ya faru. Bai miƙa masa hannu ba.

Badamasi ya zo bakin zaure ya durƙusa.

"Inna, na faɗa. Ki yafe mini. Mu tafi in kai ki kafin duhu."

"Ba inda za ni. Ina nan har a yi bakwai. Abin da ban yi mata tana raye ba, ba zan same shi ba, amma ko tsakar gidanta na share." Ta gyara mayafinta. "Yafiya kuwa, ba na son in yi maka ƙarya a gidan mutuwa. Ba ta zo mini ba tukuna. Tafi."

Ya tafi. Ta shiga ɗakin Batula, ta warware katifar da aka naɗe, ta zauna a bakin gadon. A nan kukan ya zo mata, mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. Halimatu ta sakaya ƙofa ta hana kowa shiga.

Ta zauna a Kutawa har aka watse. Ita ta raba kayan sawar marigayiya ga waɗanda Batula ta ambata, ita ta riƙa tsawata wa masu girkin sadaka in sun cika gishiri. Badamasi ya yi ta kira, tana ganin hotonsa na haske, ta kife wayar. Mas'ud ya kira daga Kano zai ba da haƙuri, ta ce shi ma yana cikin shawarar, ta kashe. Hafiza ce ta yi dabara, ta taso daga Katsina da goyonta ta zo har Tamawa, ta sha faɗan da ya rage, ta kwana biyu tana daka mata fura.

Sai bayan an yi girbi, an ɗaure dammuna, Inna Talatu ta bar Badamasi ya shigo ɗakinta ya zauna. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi yara, ta ce ta yafe don Allah. Ya yi murna har da hawaye. Da zai tafi ya lura murfin bayan wayar ya tsage, ya ce ta kawo ya tafi da ita Dutsin-Ma a canja, gobe a aiko mata.

Ta ja wayar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Bar ta haka," ta ce. "In na shiga Kurfi zan tsaya a kan mai gyara da kaina."